GUDUN JINI DA BANGON JIJIYA: TARIHIN WANI BINCIKE



Gabatarwa

Na san ba za a rasa masu mamaki ba, ganin malamin Hausa ya miƙe zai yi magana a kan jini da jijiya, alhali kuwa ga likitoci nan zaune. Hanzarina biyu ne. Na farko, tarihi zan kawo, shi kuwa tarihi ba gonar mutum ɗaya ba ce. Na biyu, kalma ce ta jawo ni. A Hausa, abin da wanzami ke tsagawa jini ya fito jijiya ne, abin da mahauci ke fama da shi a cikin nama jijiya ne, abin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa yatsa jijiya ne, har saiwar itace ma akan ce da ita jijiya. Kada wani ya ɗauka wannan gazawar Hausa ce ita kaɗai. Girkawan dā da kalma guda suke kiran agara da jijiyar saƙo, kuma kalmar da suka ba jijiyar da ke fita daga zuciya ita suke ba maƙogwaro, domin da yawansu sun zaci iska ke bi ta cikinta. Kowane harshe yakan rarrabe sunaye ne gwargwadon yadda masu shi suka rarrabe abubuwa.

A cikin wannan lacca, in na ce jijiya, hanyar jini nake nufi. Tambayar da zan bi tarihinta ita ce: shin jinin da ke gudu yana yi wa bangon jijiya wani abu, kuma shi bangon ya san ana gudu a kansa? Tambayar ba ta wasa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 cututtukan zuciya da na jijiyoyin jini sun kashe mutum wajen miliyan 17.9, watau kusan kashi ɗaya cikin uku na dukkan mace-macen shekarar. Akasarin waɗannan cututtuka kuwa daga bangon jijiya suke somawa.

Daga Jalinusu zuwa Ibnun Nafis

Kafin a tambayi abin da gudun jini ke yi, sai da aka fara yarda cewa jini kewayawa yake yi. Wannan kaɗai ya ci shekaru fiye da 1,400. Jalinusu, likitan nan Bagirke da aka haifa a shekara ta 129 Miladiyya, wanda malamanmu na zaure suka sani ta littattafan ɗibbu, ya koyar da cewa hanta ce ke sarrafa abinci ya zama jini, jinin ya malala zuwa gaɓoɓi su shanye shi, kamar yadda shuka ke shanye ruwan da aka kora mata. Ya kuma ce akwai waɗansu ƙofofi da ido ba ya gani a jikin shamakin da ya raba zuciya biyu, ta nan jini ke tsallakawa daga dama zuwa hagu. Maganarsa ta zauna daram a makarantun Gabas da na Yamma, Ibnu Sina ma ya bi ta a littafinsa Alƙanun.

Wanda ya fara musanta ta shi ne Ibnun Nafis, likita kuma malamin fiƙihu, wanda ya yi karatu a Dimashƙa, ya yi aiki a Alƙahira, ya rasu a 1288. A cikin sharhin da ya yi wa sashen fiɗa na Alƙanun, wajen 1242, ya ce shamakin zuciya mai kauri ne, ba shi da wata ƙofa ta fili ko ta ɓoye, saboda haka tilas jini ya tashi daga ɗakin dama ya bi ta huhu, ya gauraya da iska, sa'an nan ya komo ɗakin hagu. Wannan bayani ya shige wa Turawa duhu har 1924, lokacin da wani ɗalibin likitanci Bamisire, Muhyiddin Attaɗawi, ya ci karo da rubutun a wani ɗakin karatu a Balin. A Turai, Servetus ya faɗi irin wannan magana a 1553, a cikin littafin addini wanda ya jawo aka ƙone shi a Janeba a wannan shekara, sai Colombo na Italiya ya maimaita ta a 1559.

Harvey da lissafinsa

William Harvey, mutumin Ingila, ya yi karatu a Faduwa ta Italiya a hannun Fabricius, malamin da ya bayyana 'yan ƙyamaren da ke cikin jijiyoyin hannu da ƙafa. Malamin ya ga ƙyamaren amma bai gane aikinsu ba. Almajirin ne ya lura cewa dukkansu fuska ɗaya suke buɗewa, watau wajen zuciya. A 1628 ya buga ɗan littafi mai shafi 72 a Farankfot, kuma hujjarsa mafi ƙarfi lissafi ce. Ya ce a ƙaddara zuciya na tura jini ɗan kaɗan a kowane bugu, a kuma ƙirga bugun rabin sa'a, za a tarar abin da ta tura ya zarce dukkan jinin da ke jikin mutum. Ina hanta za ta sami abincin da za ta yi wannan jini? Ashe jini ɗaya ne ke zuwa yana komowa. A ma'aunin yau, zuciyar baligi da ke hutawa tana tura wajen lita 5 a minti ɗaya, tana bugawa kusan sau 100,000 a yini da kwana.

Abu guda ya gagari Harvey, shi ne ganin mahaɗar da ke tsakanin jijiyoyin fita da na komowa. Ya rasu a 1657. Bayan shekara huɗu, a 1661, Malpighi na Bolonya ya ɗora huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ga 'yan siraran jijiyoyin da suka fi gashi siranta, jini na ratsawa ta cikinsu. Gani ya kori ji.

Zamanin awo

Da aka tabbata jini gudu yake yi, sai aka shiga auna shi. Stephen Hales, wani limamin coci a Teddington kusa da Landan, ya ba da labari a 1733 cewa ya ɗaure goɗiya, ya buɗe jijiyar cinyarta, ya haɗa ta da dogon bututun gilashi a tsaye. Jini ya hau ƙafa 8 da inci 3, yana ɗagawa yana sauka tare da bugun zuciya. Wannan shi ne awon farko na ƙarfin da jini ke tura bango da shi, abin da idan ya yi yawa muke kira hawan jini. A 1828 Poiseuille, likita a Faris, ya sauƙaƙa awon ta hanyar amfani da zaiba, shi ya sa har yanzu da tsawon zaiba ake faɗin awon jini. Daga baya, cikin shekarun 1840, ya gwada gudun ruwa a siraran bututu, ya fito da ƙa'idar da ke ɗauke da sunansa: idan aka rage faɗin bututu da rabi, ruwan da zai wuce zai ragu ya koma kashi ɗaya cikin 16. Wannan ya nuna cewa ƙanƙanin tsukewa ko buɗewar jijiya babban al'amari ne ga gaɓar da ke jiran jini.

A nan ya kamata mu tsaya mu bambance ƙarfi iri biyu, domin sauran labarin a kansu ya rataya. Wanda ya tsaya a bakin gulbi da damina ya san ruwa na danna gaɓa, ya kuma san ruwa na gogar gaɓa yana wucewa. Dannawa daban, guga daban. Haka jini yake: yana danna bangon jijiya yana buɗa ta, yana kuma gogar fuskar bangon yana jan ta zuwa inda ya nufa. Zan kira na farko matsi, na biyu guga. Matsi ya fi guga ƙarfi sau dubbai, saboda haka masana suka daɗe ba su kula da guga ba.

Abin da jini ke goga kuwa wata shimfiɗa ce ta ƙwayoyin halitta, masu faɗi, jere ɗaya tak, wadda ta lulluɓe cikin kowace jijiya tun daga zuciya har zuwa mafi sirantarsu, kamar daɓen da aka yi wa ɗaki. Wilhelm His, masanin fiɗa ɗan ƙasar Suwizalan, ya raɗa mata suna endotiliyam a 1865. Ni zan kira ta shimfiɗar ciki. Shekaru kusan 100 ana ɗaukarta daɓe ne kawai, aikinsa ya yi santsi don kada jini ya daskare. Amma tun 1893 wani Bajamushe, Richard Thoma, ya lura da wani abu a cikin ƙwan kaza da ake ƙyanƙyasa: jijiyoyin ɗan tsako da jini ke gudu da sauri a cikinsu suna girma su zama manya, waɗanda jini ke jan ƙafa a cikinsu kuwa suna ƙanƙancewa su ɓace. Ya rubuta abin da ya gani, amma ba shi da hanyar sanin wane ne ke jin gudun.

Gardamar Fry da Caro

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ciwon zuciya ya addabi Turai da Amurka, aka dukufa binciken cutar nan da kitse ke taruwa a cikin bangon jijiya har ya toshe ta. Masu fiɗar gawa sun riga sun lura da wani abin mamaki. Jini ɗaya ne ke zaga jiki, kitsen da ke cikinsa ɗaya ne, amma cutar ba ta kama jijiya ko'ina. Tana zaɓen mararraba, da lanƙwasa, da bakin reshe, ta bar miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Me ya sa?

A 1968 Donald Fry, a Amurka, ya cusa wani ɗan toshi a babbar jijiyar kare don ya ƙuntata hanya jini ya ƙara sauri. Cikin sa'a guda ƙwayoyin shimfiɗar ciki suka kumbura suka fara saɓulewa a inda guga ta tsananta. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka guga mai ƙarfi ce ke raunata bango, kitse ya shiga ta raunin. Shekara ɗaya bayan haka, a 1969, Colin Caro da abokan aikinsa a Landan suka duba jijiyoyin gawawwaki, suka ce sam, cutar a inda guga ta yi rauni take somawa, wuraren da jini ke gudu sosai su ne suka tsira. Magana biyu kishiyoyin juna, kowace da hujjarta, aka yi shekaru fiye da goma ana ja.

Abin da ya raba gardamar shi ne aikin da Ku da Giddens da Zarins da Glagov suka buga a 1985. Sun ƙera kwatancin jijiyar wuya, daidai inda ta rabu biyu, suka tura ruwa a ciki yana bugawa kamar na zuciya, suka auna guga a kowane gefe, sa'an nan suka gwada da kaurin bangon jijiyoyin mutanen da suka mutu. Suka tarar bango ya fi kauri a gefen waje na mararrabar, inda jini ke rage sauri yana juyawa, ya yi gaba ya yi baya. Caro ne ke da gaskiya game da cutar. Shi ma Fry bai yi ƙarya ba, sai dai gugar da ya haddasa ta wuce wadda aka saba samu a jikin mai lafiya nesa ba kusa ba.

Sai dai a yi hattara da misalin gulbi. Mai sauraro zai iya cewa, ai mun gane, inda ruwa ya lafa nan yashi ke kwanciya. Ba haka abin yake ba. Kitsen ba a kan bango yake kwanciya ba, ƙarƙashin shimfiɗar yake shiga, kuma ƙwayoyin shimfiɗar ne da kansu ke ba shi hanya. Gaɓar gulbi ba ta da rai, bangon jijiya kuwa yana da shi.

Shimfiɗa mai ji

Tabbatar da wannan ya jira ranar da aka iya raya ƙwayoyin a wajen jiki. A 1973 Jaffe, sai Gimbrone a 1974, suka yi nasarar ciro su daga jijiyar igiyar cibiyar jarirai, wadda dā ma yarwa ake yi, suka raya su a faranti. A 1981 Dewey da Gimbrone da Davies da abokin aikinsu Bussolari, a Amurka, suka ƙera na'urar da ke kora ruwa a kan irin waɗannan ƙwayoyi na shanu da ƙarfin da aka auna. Kafin a kora ruwan, ƙwayoyin a barbaje suke kamar tsakuwar daɓe. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ga su sun miƙe sun yi tsawo, duk sun fuskanci inda ruwa ya nufa, kamar ciyawar da rafi ya kwantar. Babu zuciya a farantin, babu ƙwaƙwalwa, babu jijiyar saƙo. Ƙwayar ce da kanta ta ji.

A daidai wannan lokaci wani kuskure ya buɗe wata ƙofa. Robert Furchgott, a Niyok, ya daɗe yana mamakin wani magani da ke buɗa jijiya a jikin dabba mai rai, amma in an zuba shi a kan yankin jijiyar zomo a ɗakin gwaji sai ta tsuke. A 1978 aka gane dalili: wajen yanka jijiyar, hannun masu aiki na goge shimfiɗar ciki ba su sani ba. In aka bar shimfiɗar, jijiya ta saki. In aka kankare ta, jijiya ta ƙi. Ya buga sakamakon a 1980, ya ce lalle shimfiɗar na fitar da wani abu da ke umurtar naman bango ya saki. A 1986 shi da Louis Ignarro suka ce abin nan iska ce mai suna naitirik oksaid, a 1987 kuma Salvador Moncada a Ingila da Ignarro a Amurka suka tabbatar. An ba Furchgott da Ignarro da Ferid Murad kyautar Nobel a 1998, aka bar Moncada, abin da masana da yawa suka yi ƙorafi a kai. Wani abin sha'awa, shi Alfred Nobel mai kyautar da naitirogilisarin ya yi dukiyarsa wajen haɗa nakiya, kuma da ciwon zuciya ya kama shi gab da rasuwarsa a 1896, wannan sinadari likitoci suka rubuta masa. Ta hanyar sakin naitirik oksaid maganin ke aiki, amma a lokacin ba wanda ya sani.

Nan da nan aka gano cewa babban abin da ke sa shimfiɗar fitar da wannan iska yau da kullum shi ne gugar jini. Jini ya ƙaru, guga ta ƙaru, iska ta fita, jijiya ta buɗe. Har ila yau a 1986 Langille da O'Donnell a Kanada suka rage jinin da ke bi ta jijiyar wuyan zomo da kashi 70 cikin 100. Cikin mako biyu faɗin jijiyar ya ragu da kashi 21 cikin 100. Da suka kankare shimfiɗar ciki suka sake gwajin, jijiyar ba ta canza ba. Amsar tambayar Thoma ke nan, bayan shekara 93.

Yanzu an san cewa inda jini ke gudu sumul ta fuska ɗaya, ƙwayoyin kan jeru, su matse tsakaninsu, su fitar da naitirik oksaid, su hana jini daskarewa. Inda kuwa yake dagulewa, sukan zauna a barbaje, tsakaninsu ya yi sako-sako, kitse ya kutsa, fuskarsu ta yi danƙo ta riƙa kama fararen ƙwayoyin jini suna shiga bango. A haka cutar ke ginuwa shekara da shekaru, har ranar da za ta fito a matsayin ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Saura tambaya ɗaya: da wane kunne ƙwayar ke ji? A 2005 Tzima da Schwartz da abokan aikinsu suka nuna waɗansu furotin uku a mahaɗar ƙwaya da ƙwaya da ke aiki tare wajen jin jan da jini ke yi. A 2010, a Kalifoniya, Ardem Patapoutian, haifaffen Bairut, da Bertrand Coste suka bi ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya suna kashewa, sai a na 72 suka dace da wata 'yar ƙofa a fatar ƙwaya wadda ke buɗewa in an ja fatar. Suka kira ta Piezo, daga kalmar Girkanci mai nufin matsi. A 2014 aka nuna cewa ɓeran da ba shi da wannan ƙofa jijiyoyinsa ba sa ginuwa daidai, tun a ciki yake mutuwa. Patapoutian ya sami kyautar Nobel a 2021 tare da David Julius. Binciken bai ƙare ba, domin ga alama kunnuwan suna da yawa.

Abin da ya shafe mu

Wani zai ce wannan duk labarin Turai da Amurka ne. To, akwai wurare biyu da ya iso ƙofar gidanmu. Na farko ciwon sikila, wanda babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan jariran da ake haifa da shi. Tun wajen 1980 aka nuna cewa jajayen ƙwayoyin mai sikila suna manne wa shimfiɗar ciki, daga baya kuma aka gano cewa in sun fashe, abin da ke fita daga cikinsu yana cinye naitirik oksaid, jijiya ta kasa buɗewa. Ashe ciwon na jini ne, na bango ne kuma.

Na biyu ya shafi masu zaman ofis da masu zaman aji. A 2015 masu bincike a Jami'ar Indiyana suka zaunar da samari lafiyayyu sa'a uku ba motsi, suka tarar jijiyar cinyarsu ta rage iya buɗewa. Da aka sa su tashi su yi tafiyar minti biyar a kowace sa'a, wannan rauni bai auku ba. Iyayenmu da ke zuwa gona da kasuwa a ƙasa ba su san sunan Caro ba, amma jijiyoyinsu na samun gugar da suke bukata. Mu da muka sami kujera da mota, sai mun nema da gangan. Taba, da hawan jini, da ciwon sukari, duk wannan shimfiɗa suke fara lalatawa. Rigakafi ya fi magani.

Kammalawa

Daga sharhin Ibnun Nafis zuwa ƙofar Piezo shekara wajen 770 ke nan. A cikinsu mun ga malamin fiƙihu ya ƙi bin Jalinusu a kan abin da hankalinsa bai karɓa ba, mun ga almajiri ya fahimci abin da malaminsa ya gani bai gane ba, mun ga masana biyu sun yi saɓani har awo ya raba su, mun kuma ga kuskuren hannu ya zama mabuɗin ilmi domin an sami mai tsayawa ya tambayi dalili. Ɗalibai su riƙe wannan.

Ni kuma nawa roƙon ga 'yan'uwana malaman harshe da likitoci ne. Na yi amfani da matsi da guga da shimfiɗar ciki domin ban tarar da waɗansu kalmomi a ajiye ba. In sun dace a karɓa, in ba su dace ba a kawo waɗanda suka fi su. Abin da bai kamata ba shi ne majinyaci ya zo asibiti daga ƙauye, a gaya masa jininsa ya hau, ya koma gida bai san abin da ke faruwa a cikin jijiyarsa ba, don kawai ba mu zauna mun rarraba wa jijiya sunayenta ba.